"Al'ada Ce Kawai," In Ji Malam

Wata ranar Laraba da yamma, bayan mun tashi daga ajin baftisma a nan Bimbilla, wata yarinya ta tsaya a ƙofar majami'a ta ƙi tafiya gida. Shekarunta 13, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Baba Katekis, in mutum ya kira sunan gunki amma da wasa, gunkin yana ji?"

Na zaunar da ita ta ba ni labari. Makarantarsu tana shirin bikin 6 ga Maris, ranar da Ghana ta sami mulkin kai. Malamin da ke koya musu wasannin gargajiya ya zaɓe ta, don ta fi kowa iya taka rawa, ta fito a matsayin matsafiya cikin rawar Akom ta mutanen kudu. Za a shafa mata farar ƙasa, a ba ta wutsiyar saniya ta riƙe. Kafin kiɗa ya tashi, wani yaro zai tsiyaye giya a ƙasa yana kiran sunayen alloli ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa sai ta soma karkarwa kamar wadda bori ya hau. Da ta ce wa malam zuciyarta ba ta kwanta ba, sai ya yi dariya a gaban yara, ya ce al'ada ce kawai, ya ce Turawan mishan sun wanke wa iyayenta kai. Ya ƙara da cewa in ba ta yi wannan ba, to, ta fita daga ƙungiyar gaba ɗaya.

Uban yarinyar ya kai maganar gaban dattawan ikkilisiya. Su kuma ransu ya ɓaci, suka ce daga yau ba ɗan ikkilisiyar da zai sāke sa ƙafa a rawar gargajiya ko wace iri ce, ko a makaranta ko a ƙofar fada. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Zan zo kan dattawanmu, gama ina da magana da su. Amma bari in fara da malam, don shi ya fara.

Ya 'yan'uwana, wannan kalma "al'ada ce kawai" ta zama bargo a ƙasarmu. Duk abin da aka ga dama sai a lulluɓe da ita, in ka ɗaga gefenta don ka leƙa, a ce kai baƙauye ne, ko kuwa ba ka kishin ƙasa. Ni dai ban wuce firamare ta mishan ba, malam kuwa ya yi kwaleji. Duk da haka na san abu guda: ba shi ne ya fara faɗin wannan magana ba, an kuwa taɓa gwada ta a wata ƙasa, an ga ƙarshenta.

A can gabashin duniya akwai ƙasar Japan. Addininsu na kaka da kakanni sunansa Shinto, suna girmama alloli masu yawa da suke kira kami, na duwatsu da na koguna da na kakanni. Suna da wata rawa ta ibada, Kagura. Tatsuniyarsu ta ce allahiyar rana, Amaterasu, ta yi fushi ta shige kogo, duniya ta yi duhu. Sai wata allahiya ta kife baho ta hau tana rawa, sauran alloli suka fashe da dariya, Amaterasu ta leƙo don ta ga abin da ke faruwa, aka jawo ta waje, haske ya dawo. Wannan labari ne suke takawa. A wani gari cikin duwatsu mai suna Takachiho, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙauyuka sukan ɗauki dare guda guda suna yin rawa iri 33, tun faɗuwar rana har gari ya waye, da fuskokin katako da ganga da sarewa, don gode wa allolinsu saboda amfanin gona.

A shekarar 1978 gwamnatin Japan ta sa wannan rawa ta Takachiho cikin jerin kayan gādon jama'a da doka ta kāre. A 2009 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wata irinta, ta Hayachine, cikin gādon duniya. A Takachiho har an gutsuro rawa huɗu daga cikin 33 ɗin, ana yi wa baƙi kowane dare na awa ɗaya, su biya kuɗin ƙofa, su ɗauki hoto. To, ga tambayata ga malam: da gwamnati ta rubuta "gādon gargajiya" a takarda, allolin sun tattara kayansu sun tafi? Ko kaɗan. A daren ƙauye, kafin a buga ganga, sai an je ɗakin tsafi an ɗauko allan garin, an rako shi gidan da za a yi rawar, an ajiye masa shinkafa da giya. Takardar ta ofis ce. Masu rawar sun san wanda suke yi wa.

Wannan ma da sauƙi, gama ba wanda ake tilasta wa. Amma akwai zamanin da aka tilasta. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Japan ta ce zuwa sunkuyawa a ɗakin tsafin ƙasa ba addini ba ne, al'ada ce da kishin ƙasa, saboda haka wajibi ne a kan kowa, musamman 'yan makaranta. Ku lura, 'yan makaranta. A 1932 waɗansu ɗalibai na jami'ar Katolika a Tokyo suka ƙi sunkuyawa a Yasukuni, aka yi babbar rigima. Babban bishop ya rubuta wa ma'aikatar ilimi yana tambaya ko abin nan ibada ne, suka amsa cewa biyayya ce ga ƙasa, a kan wannan amsa ne Roma ta ba da izini a 1936. A Koriya kuwa, wadda take ƙarƙashin Japan a lokacin, babban taron ikkilisiyar Presbiteriyan ya zauna a Pyongyang a watan Satumba 1938, 'yan sanda sun cika ɗakin, aka zartar cewa sunkuyawar ba addini ba ce. Waɗansu masu bi suka ƙi. Fasto Chu Ki-chol ya sha kamu da azaba har ya mutu a kurkuku a watan Afrilu 1944. Yaƙi ya ƙare a 1945, aka rushe wannan doka. A 1954 taron ikkilisiyar ya sāke zama ya soke abin da aka zartar a 1938, ya kira shi zunubi, aka yi kwanakin tuba. Shekara 16 kafin bakin da ya ce "al'ada ce kawai" ya iya janye maganarsa, ikkilisiya kuwa ta riga ta tsage a kan abin.

Kada wani ya ce na kwatanta malamin makarantarmu da sojan Japan. Allah ya sawwaƙe. Ba takobi a hannunsa, sai alli. Tsarin mulkin Ghana na 1992 kuwa ya ba kowa 'yancin addininsa. Abin da na kwatanta ita ce dabarar: mai iko ya sāke wa abu suna, sa'an nan ya ce tun da ya sāke sunan, lamirinka ba shi da sauran magana. Yarinya 'yar shekara 13 kuma, korar da za a yi mata daga ƙungiya a gaban ƙawayenta, a wurinta ba ƙaramin hukunci ba ne.

Akwai wani abu kuma da malam bai lura da shi ba. Yana tsammani yana kāre gargajiya, alhali kuwa raina ta yake yi. Ina da wani tsoho a wani ƙauye a hanyar Salaga, mai kula da tsafin ƙasarsu, irin wanda Nanumba da Dagomba suke kira tindana. Mun daɗe muna gaisawa, na sha yi masa wa'azi, ya sha ba ni doya, har yau bai karɓa ba. Na ba shi labarin nan ba tare da na ambaci suna ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wanda ba a keɓe ba, ba ya kiran waɗannan sunaye. In an kira su sun zo, wa zai sallame su?" Kun ji. Ni da tsohon nan mun saɓa a kan komai, amma mun yarda a kan abu ɗaya: abin nan ba wasan yara ba ne. Shi yana tsoronsa don yana bauta masa, ni ina guje masa don ina da Ubangiji. Malam ne kaɗai a tsakaninmu yake ganin duk abin tufafi ne da hoda. Wanda ya ce wa matsafi tsafinka wasan kwaikwayo ne, ai ya zage shi fiye da yadda kowane mai wa'azi ya taɓa yi.

In kuwa ana so a ga ko bukukuwan ƙasar nan "kawai" ne, a tambayi mutanen Yendi. A watan Maris 2002, gardama a kan bikin wuta, wato Bugum, da wanda yake da ikon yinsa, tana cikin abin da ya hura faɗan da aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a ciki, tare da mutane da dama. Dagbon ta zauna ba sarki a kan fata har Janairu 2019. Ba na so in tona miki, mu ma a Bimbilla mun san zafin rikicin sarauta da dokar hana fita. Na kawo shi ne don a gane cewa a ƙasarmu ganga tana magana, tana faɗin wane ne mai ƙasa, wane ne mai iko, wa ake durƙusa wa. Ba a mutuwa a kan abin da yake "kawai."

Yanzu bari in juyo ga dattawana, da ladabi, gama waɗansunsu su suka riƙe ni ranar da aka yi mini baftisma.

Iyayena, hukuncin da kuka yanke ya fi sauƙin yankewa, amma ba daga Littafi Mai Tsarki kuka samo shi ba. A cikin littafin Fitowa kaɗai akwai rawa biyu. A sura 15 Maryamu, 'yar'uwar Haruna, ta ɗauki ganga mata suka bi ta da rawa bayan an haye Bahar Maliya. A sura 32 jama'a ɗaya ɗin nan suka yi rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya. Ƙafafun ɗaya ne, watakila ma makaɗan ɗaya ne. Ta fari yabo ce, ta biyun ta jawo mutuwar mutum wajen 3,000. Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari da dukan ƙarfinsa, wadda aka hukunta a ranar kuwa Mikal ce, da ta raina shi ta taga. A Daniyel sura 3 an lissafta kayan kiɗan Nebukadnezzar har sau huɗu, amma Shadrak da Meshak da Abed-nego ba garaya suka ƙi ba, gunkin suka ƙi. Allah bai taɓa tambayar irin fatar da aka ɗaure ganga da ita ba. Wanda ake yi wa ne abin tambaya.

Mu a Ghana ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Ephraim Amu, ɗan Peki, malami ne kuma katekis kamata, ko da yake ban kai ƙurar takalminsa ba. Yana koyarwa a kwalejin Presbiteriyan ta Akropong, ya hau bagade da zanen gargajiya, yana kuma koya wa ɗalibai kiɗan ganga. Shugabannin ikkilisiya suka ce ya bari ko ya tafi. Ya tafi, a 1934 ya koma Achimota. Yau waƙoƙinsa ne ake rerawa a majami'un da suka kore shi, ba kuwa majami'ar da za ka shiga daga Salaga zuwa Bawku ba ka ji ganga ba. Waɗanda suka kore shi suna tsammani suna tsare garke ne. Kada jikokinmu su ba da labarinmu haka.

To, me za a yi? Manzo Bulus ya riga ya sha wannan gardama a Koranti, inda kusan kowane nama a kasuwa ya ratsa ta haikalin gunki. A wasiƙarsa ta fari, sura 8 da ta 10, bai hana cin nama ba, bai kuma ce nama ne kawai ba. Ya ce wanda ake sayarwa a mahauta a saya a ci, ba sai an bi asalinsa ba. Amma in mai gida ya nuna akushi ya ce wannan na hadaya ne, a janye hannu. Zama a teburin gunki kuwa, wannan ya hana shi ƙiri ƙiri. Da wannan ma'auni nake auna raye-rayen ƙasarmu, ɗaya ɗaya, ba a dunƙule ba.

Ga Takai, da maza suke yi da batakari yana buɗewa kamar laima, suna haɗa sandunan ƙarfe. Ga Tora ta mata, da suke tasowa biyu biyu suna karo da ƙugu. Me ke cikinsu da ya wuce gwaninta da zumunci? Ga Bamaya. An ce asalinta fari ne aka yi, aka je wurin tsafi, aka ce sai maza sun sa kayan mata sun yi rawa kafin a yi ruwa, sunan ma yana nufin fadama ta jiƙe. Na yarda asalinta ke nan. Amma yau ana yinta a biki da makoki da filin makaranta, ba kaza, ba giya, ba a kiran kowa. Tun da aka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a jami'ar Legon a 1962 ake nuna ta har ƙasashen waje. Wannan naman kasuwa ne. In wata rana damina ta ɗauke aka ce a fito a yi Bamaya a gindin itacen tsafi don a roƙi ruwa, to, a ranar an nuna akushi, ɗan masu bi sai ya koma gida, mu yi tamu addu'ar a majami'a.

Damba kuwa, watan maulidi ne, ta faro daga tunawa da haihuwar Annabin Musulmi, ta zama ranar sarakuna da dawaki da makaɗan lunga, a Yendi da Bimbilla da Kpembe ta Salaga. Nakan je in tsaya in yi kallo, in gai da sarki, gama sarkina ne ni ma, maƙwabtana Musulmi na zango kuma sukan aiko mini da gaisuwa ranar Kirsimeti. Ba na zama inda malamai suke karatu, ba wanda ya taɓa cewa in zauna. Bugum ta fi wuya, ban ɓoye ba. Yara suna son ɗaukar wutar ciyawa su ruga bayan gari, wane yaro ne ba zai so ba? Amma a gidaje da yawa a daren nan ana ɗora loma a kan katanga don matattu. A gidana na hana wannan, na kuma faɗa wa 'ya'yana dalili. Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu ya hana nasa fita gaba ɗaya, ban ce ya yi laifi ba. Haka 'yan'uwanmu Kusasi a Bawku da bikinsu na Samanpiid bayan kaka: godiya don hatsi abu ne mai kyau, mai bi zai iya sa taguwarsa ya tsaya da danginsa, amma wurin da ake tsiyaye fito ga kakanni ba wurinsa ba ne. Su suka fi ni sanin inda iyakar take a can, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan hanya ta fi wahala, na sani. Sai uba ya tambaya, sai katekis ya je ya gani da idonsa, sai a yi gardama a taron dattawa, wani lokaci ma a yi kuskure. Hani na bai ɗaya ba ya bukatar tunani, "al'ada ce kawai" ma ba ta bukata, shi ya sa kowannensu yake da magoya baya. Amma ku duba abin da haninku zai haifa. Yaranmu 'ya'yan Nanumba ne da Konkomba da Basari da Hausawan zango. Ni ina yaro aka yi yaƙin 1994, wanda ya tashi daga kasuwar Nakpayili kusa da mu, na ga yadda gari yake zama in kowa ya koma cikin nasa. Filin rawar makaranta yana cikin wurare kaɗan da ɗan Konkomba yake riƙe sandar Takai yana haɗawa da ɗan Nanumba. In muka janye 'ya'yanmu daga nan, mun ba malam gaskiya da hannunmu, mun tabbatar wa gari cewa wanda ya bi Almasihu ya bar gida. Yaran kuma za su je a ɓoye, su koyi ƙarya a kan rawar da ba laifi a cikinta, ran da ta laifin ta zo ba za su tambaye mu ba.

Abin da nake roƙon malamai, har da masu bi da suke koyarwa, ba babba ba ne. In ana so yara su san Akom, a koya musu a aji: ta su wane ne, me take nufi, don me masu ita suke keɓe mutum shekaru kafin ya taka ta. Wannan ilimi ne, ni ma zan zauna in ji. Amma kada a sa sunayen alloli a bakin yaron da bai yarda da su ba, Kirista ne ko Musulmi, kada kuma a kore shi don ya ƙi. Raye-rayen da ba su kiran kowa sun ishi bikin 6 ga Maris har su yi saura.

Na je makarantar ranar Litinin da ta biyo, ni da uban yarinyar. Shugaban makaranta ya saurare mu, ya kira malam, aka yi magana mai ɗan zafi. A ƙarshe aka ce za a bar ta ta yi Tora tare da sauran 'yan mata, Akom kuwa malam ya ce zai nemi wata. Na tambaye shi ko zai gaya wa iyayen waccan abin da za a sa 'yarsu ta yi, bai amsa mini ba.

Saura hukuncin dattawa, wanda har yanzu yana nan a littafin taro, ba a soke ba. In yarinyar ta taka Tora ranar 6 ga Maris, ta karya dokar ikkilisiyarta, ita da ta fi mu duka tsayawa a kan gaskiya. Na roƙa a sa maganar a taron wata mai zuwa. Na kuma faɗa wa dattawa tun yanzu, don kada su ji a bakin wani, cewa a ranar zan je filin, zan zauna a layin gaba.